Garin da riga ta yi masa yawa: me ake yi da birni idan mutanensa na watsewa?

A shekarar 1950, mutum kusan miliyan 1.85 ne ke kwana a cikin birnin Detroit na Amurka. Da aka yi ƙidayar 2020, mutum 639,111 aka tarar. Kusan biyu cikin uku sun tafi ke nan. Amma faɗin garin yana nan yadda yake, murabba'in mil 139, ko taku ɗaya bai ragu ba. Tituna suna nan, bututun ruwa yana kwance a ƙarƙashin ƙasa, magudanan ƙazanta da turakun wuta duk suna inda aka kafa su domin jama'ar da ta doshi miliyan biyu. Mutum ya rame, riga kuwa tana nan yadda tela ya ɗinka ta. Abin da masu tsara birane suka shafe shekaru suna kai-komo a kansa shi ne yadda za a rage wannan riga alhali mai ita yana sanye da ita.

Abin ya yi musu wuya ne saboda sana'ar tasu tun asali don ƙaruwa aka ƙirƙiro ta. Duk kayan aikin mai tsara birni, daga yanka fuloti zuwa ba da izinin gini da ware wa masana'antu yankinsu, sun dogara ne a kan cewa akwai wani a bakin ƙofa riƙe da kuɗi yana son ya yi gini, shi kuma jami'i aikinsa ya ce masa nan, ko ba nan ba. A garin da ke tsukewa ba wanda ke ƙwanƙwasa ƙofar. Ikon hana gini ba shi da wani amfani a inda ba mai niyyar ɗora bulo.

Ba ciwo ɗaya ke damun waɗannan garuruwa ba. Youngstown da ke jihar Ohio ƙarfe ne ya gina ta, shi ne kuma ya yashe ta: ranar 19 ga Satumba 1977 kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe babbar masana'antarsa, ma'aikata wajen 5,000 suka wayi gari babu aiki, sauran masana'antun suka bi sahu cikin 'yan shekaru. Mutanen Detroit kuwa yawancinsu ba su yi nisa ba, iyakar birnin kawai suka tsallaka zuwa garuruwan kewaye, fararen fata a kan gaba, suka tafi da harajinsu. Yankin gaba ɗaya har yau yana da mutum sama da miliyan huɗu. A gabashin Jamus, haɗewar ƙasar a 1990 ce ta zo da rufe masana'antu da kwararar matasa zuwa yamma, haihuwa kuma ta faɗi da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. Japan nata daban ne: yawan jama'ar ƙasar ya kai ƙololuwa a 2008, wajen miliyan 128, tun daga nan yake gangarowa. Wanda ya koma bayan gari ana iya lallashinsa ya dawo. Wanda ba a haifa ba, babu inda za a je nemansa.

Duk da bambancin dalili, yadda ɓarnar ke tafiya kusan ɗaya ce. Da a ce mutane daga gefen gari suke fara tashi, unguwa bayan unguwa, da aikin ya zo da sauƙi: a rufe famfo, a kashe fitila, a ja iyaka ciki. Amma ba haka ake tashi ba. Gari yana zubewa ne kamar haƙoran tsoho, giɓi nan, giɓi can. A ɗauki layi guda mai gida ashirin. Bayan shekara talatin, huɗu ne ke da mutane. Uku sun ƙone, shida an rushe ciyawa ta cinye wurin, sauran kangwaye ne da ɓarayi suka kwashe wa wayoyin wuta da bututun tagulla. A gida na ƙarshe akwai wata dattijuwa da ta gama biyan bashin gidanta tun tuni, tana share ƙofarta kullum, har ciyawar fulotin maƙwabcin da ya tafi ita ke sa a yanke. Motar shara dole ta bi layin nan daga farko har ƙarshe saboda ita. Bututu dole ya kai mata ruwa, motar kashe gobara dole ta samu hanya. Kuɗin kula da layin bai ragu ba, masu biya ne suka koma huɗu daga ashirin.

Akwai ma abin da ido ba ya gani. Bututun da aka yi domin ruwa mai yawa, idan masu sha suka ragu, ruwan yakan daɗe a ciki yana kwance, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta ya sane, ruwan ya fara lalacewa kafin ya isa famfo. Magudanar ƙazanta kuma idan ba ta samun isasshen ruwan da zai tura abin da ke cikinta sai ta daskare ta yi wari. Hukumomin ruwa a garuruwa da dama na gabashin Jamus sun koma zuba tsaftataccen ruwa a bututu don kawai a wanke shi, wato kuɗin aiki ya ƙaru daidai lokacin da masu biya suka ragu. A ɗora fanshon 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da aka ɗauka zamanin gari na cike, da basussukan da aka ci a wancan lokaci. Sai hukuma ta ƙara haraji ta rage hidima, mai hali ya ga haka ya tattara nasa ya nasa, wanda ya rage kaya ya ƙara masa nauyi. Gida kuma ba ya ɓacewa don mai shi ya tafi. Gidaje sun fi masu nema yawa, farashi ya faɗi ƙasa da kuɗin gina sabo, har ta kai gyaran rufi ya fi gidan kansa tsada. Daga nan ba mai gyara.

Martanin farko na kusan kowane magajin gari shi ne musu. Ba wanda ke cin zaɓe da alkawarin cewa garin zai ƙara ƙanƙancewa, saboda haka sai a shiga neman babban aiki guda da zai dawo da jiya. Detroit ta samu dogayen benayen Renaissance Center a 1977, da wani ɗan jirgin sama-da-titi mai zagaya tsakiyar gari a 1987, sannan gidajen caca a ƙarshen shekarun 1990. Flint, garin da kamfanin General Motors ya samo asali, ta buɗe wurin shaƙatawa mai suna AutoWorld a Yulin 1984 da zimmar jawo 'yan yawon buɗe ido. Bai cika shekara ba aka rufe shi.

Inda wannan musu ya fi muni shi ne Yubari, garin haƙar kwal a tsibirin Hokkaido na Japan. A 1960 mutanensa sun kusa 117,000. Mahaƙa ta ƙarshe ta rufe a 1990. Shugabannin garin suka rungumi yawon buɗe ido da hannu biyu: filin wasanni, otal-otal, wurin zamiya a kan ƙanƙara, duk da bashi, suna kuma juya alƙaluma daga wannan asusu zuwa wancan don kada giɓin ya fito fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 2006 asiri ya tonu, a 2007 garin ya koma ƙarƙashin kulawar gwamnatin tsakiya da bashin da ya haura yen biliyan 35 a wuyansa. Aka zaftare albashi, ma'aikata da yawa suka ajiye aiki, aka ƙara haraji da kuɗin hidimomi, makarantun firamare aka haɗe su wuri guda, na gaba da firamare ma haka, asibiti mai gado 171 ya koma ƙaramin asibiti mai gado 19. Yau mutanen Yubari ba su kai 7,000 ba, fiye da rabinsu kuma sun haura shekara 65. Tsukewar da aka ƙi yi da shiri ta zo da ƙarfin tsiya, kuma waɗanda ba su da halin gudu su suka biya.

Waɗanda suka daina musu, abu na farko da hannunsu ya kai gare shi shi ne katafila. Jamus ce ta yi rusau mafi tsari. A shekarar 2000 wani kwamiti ya gano cewa gidaje wajen miliyan ɗaya ne babu kowa a cikinsu a gabashin ƙasar. A 2002 aka ƙaddamar da shirin Stadtumbau Ost, wato sake fasalin biranen gabas, da kuɗi kimanin yuro biliyan 2.5 a zangon farko, da burin rushe gidaje 350,000. Sharaɗin samun kuɗin shi ne gari ya zauna ya rubuta tsarinsa: mutum nawa yake sa ran za su rage, wace unguwa za a riƙe, wace za a saki. Wannan sharaɗi, a ganina, ya fi rusau ɗin kansa daraja, domin ya tilasta wa 'yan siyasa su rubuta lambar da bakinsu ya ƙi furtawa.

Abin da ya sa aikin ya yiwu a can shi ne mallaka. Manyan benayen siminti na zamanin gurguzu a hannun kamfanonin gidaje na hukuma da ƙungiyoyin haɗin gwiwa suke, mazauna kuma 'yan haya ne. Ana iya zaunar da masu gida biyar ko shida a teburi guda a yanke shawara, a mayar da 'yan hayar bene guda zuwa na kusa da shi, a rushe wanda aka kwashe, a yafe wa kamfanin wani ɓangare na tsohon bashinsa. Hoyerswerda, wadda aka faɗaɗa domin ma'aikatan masana'antar kwal ta Schwarze Pumpe har ta kai mutum wajen 70,000 a farkon shekarun 1980, yanzu ba ta kai rabin haka ba, kuma akwai sassanta da aka share gaba ɗaya aka dasa itatuwa. A Leinefelde sun fi nuna gwaninta: maimakon kayar da bene duka, sai su sare hawan sama, su yanke dogon gini gida-gida, su fitar da baranda da ɗan lambu, abin da ya kasance bariki ya koma wurin da mutum zai so zama.

Sai dai kada a yi wa shirin kwalliyar da ba tasa ba. Asalinsa ceton kamfanonin gidaje ne daga karyewa, tsara gari ya biyo baya. An so a riƙa rushewa daga gefe zuwa ciki domin a samu damar yanke bututu da titi, amma sau da yawa inda kamfani ya fi asara nan aka rushe, ko da tsakiyar unguwa ne. Tsofaffin gidajen cikin gari kuwa, waɗanda kowanne da mai shi, sun fi ƙarfin irin wannan yarjejeniya.

A Amurka matsalar nan ta ƙarshe ita ce dukan labarin. Gidajen Detroit ɗai-ɗai ne, kowanne a fulotinsa, kowanne da takardarsa. Daga 2014 zuwa 2020, zamanin magajin gari Mike Duggan, an rushe gidaje wajen 15,000 da kuɗin gwamnatin tarayya, sannan a 2020 masu zaɓe suka amince a ci bashin dala miliyan 250 don a ci gaba. Wanda ke kwana kusa da kangon da ake ɓoye miyagun ƙwayoyi ko ake cinna wa wuta ba zai raina wannan aiki ba. Amma rushe gida goma sha shida a layin dattijuwar nan bai rage tsawon bututu da ko taƙi ɗaya ba. An kawar da abin tsoro, lissafin kuɗi yana nan.

To, me zai hana a roƙi dattijuwar ta koma unguwar da ke da sauran jama'a, a rufe layin? A takarda babu shawarar da ta fi wannan ma'ana, a aikace kuma babu wadda ta fi ta shan ƙasa. Youngstown ce ta fara fitowa fili ta ce ta haƙura: tsarinta da aka amince da shi a 2005 ya ce garin da ya taɓa ɗaukar mutum 170,000 zai zauna a matsayin ƙaramin gari mai wajen 80,000. Duniya ta yaba. Da aka zo ga tayin tallafi domin mutanen layukan da suka zama kufai su tashi, sai aka ji shiru. Garin ya ci gaba da raguwa har ya sauka wajen 60,000 a ƙidayar 2020. A Detroit, magajin gari Dave Bing ya faɗa a 2010 cewa birnin ba zai iya ɗaukar nauyin kowace unguwa ba, tarukan jin ra'ayin jama'a suka rikiɗe zuwa hayaniya, kuma tsarin da aka fitar a 2013 ya kauce wa maganar tayar da kowa. A New Orleans, bayan guguwar Katrina, wata taswira da ta fito a Janairun 2006 da korayen ɗigo a kan unguwannin da ake tunanin mayarwa filin shaƙatawa ta tayar da ƙurar da ta binne shirin cikin 'yan makonni.

Masu zane kan ɗauki wannan a matsayin taurin kai. Ni ban ga haka ba. Dattijuwar nan lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne. Gidanta a kasuwa ba shi da wata daraja, amma a wurinta shi ne rufin da ba ta biyan haya a ƙarƙashinsa. Kuɗin da za a ba ta ba zai sayi irinsa a unguwa mai rai ba, don haka tashi yana nufin ta koma 'yar haya ko ta ci sabon bashi da furfura a kanta. Ga kuma tarihi. Baƙaƙen fatar Detroit ba su manta da unguwar Black Bottom ba, wadda aka share a shekarun 1950 da 1960 da sunan sabunta gari aka shimfiɗa babbar hanya a kanta. A New York ma, a 1976, kwamishinan gidaje Roger Starr ya kawo shawarar janye hidimomi daga unguwannin talakawa domin unguwannin su ƙarasa mutuwa da wuri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Duk jami'in da ya shigo unguwa irin wannan da taswira a hannu, tun kafin ya buɗe baki an riga an san abin da ake zarginsa da shi.

Birnin Toyama na Japan ya bi wata hanya, kuma ita ce na fi ganin hikimarta. Magajin garin, Masashi Mori, wanda ya riƙe kujerar daga 2002 zuwa 2021, bai ce wa kowa ya tashi ba. Ya karɓi wani tsohon layin dogo da fasinja suka gudu daga gare shi, ya mayar da shi jirgin cikin gari na zamani a 2006, mai zuwa a kai a kai, mai ƙasan da tsoho zai taka ba wahala. Suna kwatanta tsarin da wata alewarsu ta garin shinkafa da ake jerawa a jikin tsinke: layin jirgi da na bas su ne tsinken, unguwannin da ke kewaye da tashoshi su ne dunƙulen. Wanda zai gina ko ya sayi gida a tsakiyar gari ko kusa da tasha ana ba shi tallafi, 'yan sama da shekara 65 kuma suna shiga tsakiyar gari da yen 100 kacal. Burin shi ne masu zama kusa da layukan sufuri su tashi daga kashi 28 cikin 100 a 2005 zuwa kashi 42 a 2025, kuma kafin wa'adin ya cika sun doshi kashi 40.

Sirrin a nan shi ne lokaci. Kowane iyali yana da ranar da zai sauya gida da kansa: aure, ritaya, rasuwar miji, ranar da tsoho ya ajiye tuƙi. Toyama ta tsaya ne a waɗannan mararrabu tana nuna hanya guda. Aiki ne na shekara ashirin zuwa talatin, wanda ke buƙatar kuɗi a hannu tun gari bai durƙushe ba, shi ya sa Detroit ta 2010 ba za ta iya kwaikwayonsa ba ko da ta so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne a 2005 Toyama ta haɗe da ƙananan hukumomi shida da ke kewaye da ita, saboda haka wanda ya koma bayan gari bai fita daga aljihunta ba. A 2014 gwamnatin Japan ta sanya wannan tunani cikin doka, ɗaruruwan garuruwa suka zana yankunan da suke son jama'a su taru. Da yawansu sun zana da'irar da faɗi sosai don kada su ɓata wa kowa rai, har ta kusa haɗiye garin duka.

Ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar da ba ta da armashi amma ita ke riƙe da komai: filin na waye? Kango ba ya gyaruwa, ba ya rusuwa, ba ya sayuwa sai an san mai shi. Binciken gidaje na Japan na 2023 ya ƙirga gidaje miliyan 9 da babu kowa a ciki, kashi 13.8 na gidajen ƙasar. Dokar haraji ma ta taimaka wajen tara su, domin filin da ke da gida a kansa harajinsa kan sauka har zuwa kashi ɗaya cikin shida, don haka magaji ya gwammace ya bar gidan iyayensa ya ruɓe a tsaye da ya rushe shi haraji ya ninka. Magada da yawa kuma ba su taɓa sauya suna a takarda ba, har wani ƙiyasi ya nuna cewa filayen da ba a iya gano masu su ba sun fi Kyushu, ɗaya daga cikin manyan tsibiran ƙasar, faɗi. Sai a Afrilun 2024 rajistar gado ta zama tilas. A jihar Michigan ta Amurka, inda Detroit da Flint suke, Dan Kildee, lokacin yana ma'ajin gundumar da Flint ke ciki, ya jagoranci kafa bankin filaye: gidan da aka ƙwace saboda bashin haraji, maimakon a yi gwanjonsa ga ɗan baranda da zai saya ya manta, sai ya shiga hannun hukuma guda da za ta wanke takardarsa ta yanke abin da za a yi da shi. Na Detroit yana sayar wa maƙwabci fulotin da ke jikin gidansa a kan dala 100.

A nan ne ake samun nasarori mafiya araha. A Philadelphia an yi gwaji a kan fuloti 541 da aka yasar, wasu aka kwashe shara, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye da gajeren shingen katako, wasu aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna harbe-harben bindiga sun ragu da kusan kashi 29 a kewayen waɗanda aka gyara a unguwannin talakawa. Shingen ba ya hana kowa shiga, yana dai shaida cewa wurin da mai kula da shi. A Leipzig da ke gabashin Jamus hukuma ta riƙa ƙulla yarjejeniya da masu fulotin da babu gini: ka bar jama'a su yi lambu a wurin na wasu shekaru, a ɗauke maka harajin fili, haƙƙinka na yin gini kuma yana nan. Daga 2004 wata ƙungiya mai suna HausHalten ta fara sanya matasa da masu sana'ar hannu a tsofaffin benaye, ba haya sai kuɗin wuta da ruwa, su kuma su toshe yoyo su hana ɓarayi. Gidajen da katafila ke jira suka tsira a haka.

Leipzig ɗin nan kuwa ita ce ke rikita duk wani mai son doka guda. Ta haura mutum 700,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ta sauka zuwa wajen 437,000 a 1998, har jami'anta suka fara kiranta gari mai huji-huji. Yau ta haura 600,000. Porsche ya buɗe masana'anta a 2002, BMW a 2005, DHL ya kafa babbar cibiyar jigilarsa a 2008, ga jami'a, ga tarin kuɗin da gwamnatin tarayya ta zuba a gabashin ƙasar, ga kyawawan gidaje masu arha da ba a rushe ba. Yanzu garin yana gina makarantu bayan ya rufe wasu, haya tana hawa, lambunan wucin gadi suna komawa gini. Da an rushe duk abin da alƙaluman 1998 suka ce a rushe, da an yi da-na-sani. Amma Hoyerswerda, a jiha guda da Leipzig, ba ta ga wannan dawowa ba, kuma matasan da suka cika Leipzig da yawansu daga irin waɗannan ƙananan garuruwa suka fito. A ƙasar da jama'a ke raguwa, cikar wani gari ramar wani ce. Detroit ma ta samu ɗan ƙari a ƙiyasin 2023, karo na farko tun 1957, amma ƙarin bai kai mutum dubu biyu ba.

Abin da na fi riƙewa daga duk wannan shi ne babu garin da ya rage rigarsa da aljihunsa kaɗai. Rusau kuɗi ne, sauya bututu kuɗi ne, jirgin Toyama kuɗi ne. Inda gwamnatin sama ta sa hannu, kamar Jamus, an tsuke da sauran mutunci. Inda aka ce wa gari ya ji da kansa, nauyin ya gangaro kan wanda ya fi kowa rauni. Detroit ta shiga kotun fatara a Yulin 2013 da bashin wajen dala biliyan 18, lokacin kusan kashi 40 na fitilun titinta a mace suke. A shekarun da ke kewaye da wannan, farashin gidaje ya faɗi amma hukuma ba ta sauke ƙimar da take ɗora haraji a kai yadda ya kamata ba. Binciken jaridar Detroit News ya ƙiyasta cewa an caji masu gidaje rarar aƙalla dala miliyan 600 tsakanin 2010 da 2016, dubbai kuma sun rasa gidajensu a gwanjon haraji. Gari mai kukan kangwaye yana ƙera sababbi da hannunsa. A Flint, wadda ta sauko daga kusan mutum 200,000 zuwa wajen 80,000, jami'an da jiha ta naɗa domin tsuke bakin aljihu sun sauya tushen ruwan sha zuwa kogin Flint a Afrilun 2014 ba tare da sinadarin hana bututu zaizayewa ba. Gubar dalma ta shiga jinin yara, wata cutar huhu da ke yaɗuwa ta ruwa ta kashe aƙalla mutum 12, mazauna kuma suna biyan kuɗin ruwa da ke cikin mafiya tsada a Amurka.

Yubari ta sake fitowa a labari daga baya, ta wata fuska. A 2011 suka zaɓi Naomichi Suzuki, ɗan shekara 30, wanda ya fara zuwa garin a matsayin ma'aikacin aro daga Tokyo. Ya tarar da tsofaffi warwatse a gidajen hukuma na zamanin kwal, bene mai ɗakuna da yawa mutum biyu ko uku a ciki, kowanne ana kai masa ruwa ana kwashe masa ƙanƙara. Ya bi su unguwa-unguwa yana zama da su, aka riƙa gina ƙananan gidaje masu ɗumi a tsakiyar kwarin da garin ke ciki ana kwaso su sannu a hankali. Sannan ya yi abin da magajin gari bai saba yi ba. Layin dogon da ya shiga garin asara yake yi, kowa ya san kwanansa ya kusa ƙarewa. Maimakon ya jira kamfanin jiragen ƙasa na JR Hokkaido ya sanar da rufewa shi kuma ya fito zanga-zanga, a 2016 ya je da kansa ya ce a rufe, amma da sharaɗi. Kamfanin ya ba da yen miliyan 750 domin tafiyar da motocin bas a madadin jirgin. Jirgi na ƙarshe ya bar Yubari a ƙarshen Maris 2019, shekara guda bayan haka kuma aka buɗe sabon gini a tsakiyar kwarin da ya haɗa tashar bas da ɗakin karatu da wurin wasan yara. An tsara garin zai gama biyan bashin nan a Maris 2027, shekara ashirin bayan faɗuwarsa.